Hannun jarin kwabo: a riƙe ne, ko a yi ta juyawa?

Da zarar an taɓo zancen kasuwar hannun jari a majalisun matasanmu na Makka da Jidda, tambaya ɗaya ce ke dawowa: idan mutum ya sayi hannun jari mai arha, irin na halala ashirin (halala ɗari ce riyal ɗaya) ko riyal ɗaya da rabi, ya kulle ne ya manta da shi har Allah ya kawo ranarsa, ko kuwa ya riƙa saye da hantsi yana sayarwa kafin a tashi kasuwa ƙarfe uku? Ɗan ƙanwata da ke aikin tuƙi a Jidda ya kawo mini ita har gida a Sharamansur. Ya miƙo waya ya ce, "Kawu, dubi nan. Da riyal dubu biyu zan mallaki hannu dubu goma. In ya kai riyal ɗaya kacal, na tashi da dubu goma." Na ce masa, "Lissafinka daidai ne, ɗana. To me kamfanin yake sayarwa?" Sai ya yi dariya, ya ce ai ba a faɗa a guruf ɗin ba.

Tambayar tasa tana da amsa. Sai dai ba a isa gare ta sai an warware wani ƙulli da ke gabanta, wato me ake nufi da arha.

Me ake kira hannun jarin kwabo?

Sunan daga Amurka da Ingila ya fito, inda ake jingina irin waɗannan hannayen jari ga ƙaramin tsabar kuɗinsu, wanda kakanninmu suka sani da kwabo tun zamanin Turawa. A Amurka, hukumar da ke sa ido kan kasuwar, SEC, tana sa wannan suna galibi ga hannun jarin ƙaramin kamfani da farashinsa bai kai dala 5 ba. Da yawansu ma ba sa cikin manyan kasuwanni irin su Nasdaq, a kasuwar gefe ake cinikinsu, inda ba a matsa wa kamfani ya baje littattafansa kamar yadda ake yi a babbar kasuwa. A Ingila abin da bai kai fam ɗaya ba ake nufi. 'Yan Najeriya kuma sun san na kwabo hamsin da na kwabo ashirin a kasuwar Legas.

A nan Saudiyya doka ba ta ware wani rukuni da wannan suna ba. Amma 'yan kasuwar Tadawul, wato kasuwar hannun jarin ƙasar, suna da kalmarsu, "khashash", wato tarkacen ƙananan kamfanoni waɗanda ba riba ke ɗaga su ba, hayaniya ce. Ku lura, kalmar ba ta kallon farashi. Akwai khashash na riyal tamanin, akwai kuma kamfani mai ƙafafu da hannunsa bai kai riyal uku ba. Kamfanin gidajen abinci na Americana ya shigo kasuwa a Disambar 2022 a kan riyal 2.68, ba kuma wanda zai ce masa ƙaramin kamfani.

Me ya sa suka yawaita kwanan nan?

Shekara da shekaru, ƙimar asali ta kowane hannun jari a ƙasar nan, wato kuɗin da aka rubuta masa a takardun kamfani ba farashinsa a kasuwa ba, riyal 10 ce (kafin 2006 ma riyal 50 ce). Sabuwar dokar kamfanoni da ta fara aiki a Janairun 2023 ta ba kamfanoni damar tsaga hannayensu ƙasa da haka. Nan da nan aka yi ta tsagawa, wasu zuwa riyal ɗaya, wasu rabin riyal. Kamfanin Al Baha ya sauko da nasa zuwa halala 10, kowane hannu guda ya zama ɗari. Daga nan ne allon waya ya cika da farashin halala-halala, mutanen da a da suke ganin kasuwar ta fi ƙarfinsu suka ga kamar an buɗe musu ƙofa.

Tsagawa kuwa canji ne kawai. Ka ba mai shago takardar riyal ɗari, ya ba ka riyal ɗai-ɗai guda ɗari. Aljihunka ya yi nauyi, dukiyarka tana nan yadda take. Abin da ke nuna tsadar kamfani shi ne farashin hannu ɗaya a ninka shi da yawan hannayen duka. Kamfanin da ke da hannu biliyan uku a kan halala 20, kasuwa ta yi masa kuɗi riyal miliyan 600 ke nan. Wani mai hannu miliyan biyar a kan riyal 100, kuɗinsa miliyan 500. Ashe mai halalar ya fi tsada. Kafin hannun ɗan ƙanwata ya tashi daga halala 20 zuwa riyal ɗaya, sai kamfanin gaba ɗaya ya ninka kansa sau biyar, daidai da wahalar da hannun riyal 100 zai sha kafin ya kai 500. Ba wanda ke kwana yana mafarkin na biyun, amma na farkon kowa gani yake kamar gobe ne. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Hujjar masu cewa a riƙe

Masu wannan ra'ayi suna da abin faɗa. Suna cewa duk babban kamfani da ƙanƙanta ya fara, kuma wanda ya shiga da wuri ya yi haƙuri shi ke kwasar rabo. Sukan kawo misalin kamfanin lemon kuzari na Monster a Amurka, wanda a farkon shekarun 2000, lokacin yana amsa sunan Hansen Natural, hannunsa 'yan daloli ne, daga baya ya ninka ninkin ba ninki. Gaskiya ne. Suna kuma cewa mai riƙewa ba ya ƙarar da kuɗinsa wajen biyan la'adar dillali, ba ya kuma hana kansa aikin da yake ci da shi. Wannan ma gaskiya ne.

Inda maganar ke da rami shi ne, waɗanda suka tsira kaɗai ake ba da labarinsu. Dubban da suka mutu ba su da mai tuna sunansu. Haƙuri yana biyan wanda ya riƙe kamfani mai sayar da kaya yana cin riba, don kowace shekara akwai abin da ke ƙaruwa a ciki. Kamfanin da ke asara kuwa, kowace shekara cin jarinsa yake, kuma jarin nan kuɗinka ne. Hanyar da irinsu ke bi sananniya ce a Tadawul. Asara ta taru, sai a rage jarin kamfani don a share ta, wato a soke wani kaso na hannayen da ke hannun mutane. Mai dubu goma ya wayi gari da dubu shida. Bayan 'yan watanni a dawo a ce ana neman ƙarin jari, masu hannu su kawo sabon kuɗi. In ka kawo, ka ƙara zuba ruwa a tulun da ke yoyo. In ba ka kawo ba, kasonka a kamfanin ya ƙanƙance. Idan kuma abin ya kai ga rushewa, ma'aikata da masu bin bashi ake fara sallama, mai hannun jari shi ne na ƙarshen layi, galibi kuma tukunya ta riga ta ƙare.

Akwai abin da ya fi faɗuwar farashi ciwo: dakatarwa. An dakatar da cinikin kamfanin noma na Bishah a 2007 saboda asara, alhali kafin nan yana cikin waɗanda 'yan juyi suka fi rububi. Kamfanin gine-gine na Mohammad Al-Mojil ya shiga kasuwa a 2008, aka dakatar da shi a 2012, a 2016 kuma kwamitin warware rigingimun kasuwa ya yanke hukuncin a mayar da kimanin riyal biliyan 1.6 kan yadda aka kambama darajarsa lokacin sayar wa jama'a. Wanda dakatarwa ta rutsa da shi ba ya iya sayarwa ko da a kan asara. Yana ganin lambar a waya, ba ya iya taɓa ta. Dattawanmu da suka sayi hannun jarin bankuna a gida kafin faɗuwar 2008 sun san wannan ɗacin, musamman masu Afribank da Bank PHB da Spring Bank, waɗanda gwamnatin Najeriya ta karɓe a Agustan 2011.

Ko kasuwar gaba ɗaya ba ta yi wa kowa alkawarin dawowa ba. A ranar 25 ga Fabrairun 2006 ma'aunin kasuwar Saudiyya ya rufe a kan maki 20,634. Kafin shekarar ta ƙare ya sauko ƙasa da 8,000, har yau kuma bai sake taka wancan tsauni ba. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan a lokacin ya san gidajen da aka sayar da mota, aka ci bashin banki, aka zuba. A tsakiyar wannan ruɗani ne ma, a watan Maris na 2006, aka ba baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, damar saye kai tsaye.

Hujjar masu cewa a juya

Ɗaya ɓangaren suna cewa, tunda mun san kayan ba na ajiya ba ne, mu ɗauke shi kamar tumatir: a saya, a sayar, kada a kwana da shi. A ganina sun fi masu riƙewa fahimtar abin da ke hannunsu. Matsalar ita ce juyi sana'a ce mai kuɗin shiga, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ya fi kowa biya.

La'adar saye ko sayarwa a Tadawul tana kaiwa kashi 0.155 cikin ɗari, ban da harajin da ke hawa kanta, kodayake wasu dillalai kan yi ragi. Kamar ba komai ba. Amma mai riyal 10,000 zai biya 15.5 wajen shiga, 15.5 wajen fita. In ya yi haka sau ɗari a shekara, wato sau biyu a mako, ya biya riyal 3,100, kusan sulusin jarinsa, tun bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sai kuma tazarar da ke tsakanin farashin mai saye da na mai sayarwa. Mafi ƙanƙantar takun da farashi ke yi a kasuwar halala ɗaya ce. A hannun riyal talatin, halala ɗaya ƙura ce. A hannun halala ashirin kuwa, ka saya a 21, in ka juya nan take a 20 za a karɓa, ka yi asarar kusan kashi biyar cikin ɗari kafin shayinka ya huce.

Doka ta sa wa babbar kasuwar Tadawul iyaka: hannu ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a yini. Mutane na ɗaukar wannan a matsayin kariya. Amma ranar da kowa ke son fita, hannun kan manne a iyakar ƙasa tun da safe, masu sayarwa jere, mai saye babu ko ɗaya. Kwana bakwai a jere a haka sun isa su cinye fiye da rabin kuɗinka. Abin da ya faɗi da rabi kuma sai ya ninka kansa cif kafin ka koma inda ka fara. Waɗanda suka tsallaka kasuwar Amurka ta manhajojin dillalai, suna zaune da waya daga ƙarfe huɗu da rabi ko biyar da rabi na yamma har dare, su ko wannan iyakar ta yini ba su da ita.

Masana sun bi diddigin wannan sana'a. Wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Barber da Odean, sun duba asusun gidaje fiye da 66,000 daga 1991 zuwa 1996, suka tarar waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun samu kashi 11.4 cikin ɗari a shekara, alhali kasuwar kanta ta ba da 17.9. A Barazil an bi masu juyin yini-yini, aka ga cikin waɗanda suka dage fiye da kwana 300, kashi 97 cikin ɗari asara suka yi. Wancan a wata irin kasuwa ce dabam, ba ta hannun jarin kwabo ba, amma halin ɗan Adam ɗin ɗaya ne. Balle direban da ke kan titin Madina da fasinja a baya, yana satar kallon allo a jan wuta.

Wa ke ɗaya gefen cinikin?

Nan ne nake so a daɗe. Duk lokacin da ka saya, wani ne ya sayar maka, kuma yana da dalilinsa. A ƙaramin kamfani mai ƙarancin ciniki, mutum ɗaya ko 'yan kaɗan masu kuɗi suna iya motsa farashi. Saudawa na kiransu "hawamir", jam'in hamur, wato babban kifin nan na teku. Aikinsu hawa uku ne. Su tara hannun a hankali lokacin da ba mai kallonsa. Sannan a saki labari: za a haɗe da wani kamfani, an kusa sa hannu a kwangila, wani babba ya shigo. Labarin ya bi Telegram da WhatsApp da X da sunan "tausiya", shawarar kyauta daga wani mai son alherinka da ba ka taɓa gani ba. Farashi ya fara hawa, hawan kansa ya zama shaida, jama'a su ruɗo. Sai hawa na uku, su sauke kayansu a kan masu ruɗowar. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Kafin tausiyar ta iso wayar mai aikin otal a Misfala, ta ratsa hannu nawa?

Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin dillanci na Stratton Oakmont a Amurka da ita ya wawushe kuɗin mutane ta wayar tarho, har aka rufe shi a 1996, mai shi Jordan Belfort ya yi zaman kurkuku. Wani lokacin ma ba a buƙatar ɗan damfara, ruɗu kaɗai ya isa. A Janairun 2021 Elon Musk ya rubuta cewa mutane su koma manhajar Signal. Sai jama'a suka afka wa hannun jarin wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Signal Advance, wanda ba abin da ya haɗa shi da manhajar, suka ɗaga shi daga santi 60 zuwa sama da dala 38 cikin 'yan kwanaki, sannan ya rikito.

A shari'ance wannan ba baƙon abu ba ne. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana najashu, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi wani ya saya da tsada. Duk wanda ya taɓa zuwa kara sayen rago ya san yadda ake yi. Dokar kasuwar Saudiyya ta 2003 ita ma ta haramta murɗa farashi, ta kuma haramta ba da shawarar saye da sayarwa ba tare da lasisi ba. Hukumar kasuwar, Hai'atus Suƙil Maliyya, takan wallafa sunayen waɗanda aka ci tara kan haka. Wanda ke tura tausiya daga wannan guruf zuwa wancan ya san da wannan.

Mai juyin da ya rikiɗe ya zama mai riƙo

Mafi yawan mutanenmu da na gani ba sa cikin ɓangare ko ɗaya. Da niyyar kwana biyu suke shiga. In ya hau kaɗan, su sayar da murna, su ci riyal ɗari biyu. In ya faɗi, sai ka ji, "Ai ni dama mai dogon zango ne." Saudawa na kiran wannan "ta'aliƙa", an rataye mutum a sama, farashi ya tafi ya bar shi. Ribarsa ƙanana ce don yana saurin yanke ta, asararsa babba don yana renonta. Wasu har su ƙara saye a ƙasa wai don su rage matsakaicin farashinsu, kuɗin haya da na sabunta iƙama su bi sahu.

Saboda haka amsata ga tambayar ita ce, ana yanke ta ne kafin a saya, kuma kamfanin ne ke yanke ta. In kamfani yana da ciniki na gaske da riba shekara bayan shekara, bashinsa bai fi ƙarfinsa ba, arharsa kuma daga tsagawa ta zo, to a riƙe shi kamar kowane kamfanin kirki. In kuwa ba abin da ke ƙarƙashinsa sai labari, riƙe shi ba haƙuri ba ne, juya shi kuma wasa ne da waɗanda suka fi ka kuɗi da labari da lokaci. Ga mai albashin wata da iyali a nan da wasu a gida suna jiran aike, ni ban ga wanda ya dace da shi a cikin biyun ba. Wanda ya ce lallai sai ya taɓa, to da kuɗin da in sun ƙone ba za a fasa cefane ba, kuma ya rubuta farashin da zai fita a kansa tun kafin ya shiga.

Binciken ma bai kai wahalar da ake zato ba. Shafin Tadawul yana sa tuta kusa da sunan duk kamfanin da asararsa ta taru: rawaya in ta kai kashi 20 cikin ɗari na jarinsa, ruwan lemo daga 35, ja daga 50. Sakamakon kuɗin kowane wata uku yana nan kyauta. Ɗan ƙanwata bai taɓa buɗe shi ba, alhali ya san sunan kowa a guruf.

Halal, zakka, da asusun wani

Mutanenmu kan tambayi ko kamfani "naƙi" ne ko "mukhtalaɗ", wato tsarkakakke ko mai gauraye da mu'amalar riba, kuma akwai jerin da malamai irin su Shaikh Muhammad Al-Usaimi da Shaikh Yusuf Al-Shubaili ke fitarwa. Tambaya ce mai kyau. Sai dai jerin yana gaya maka halaccin kamfani ne, bai ce zai yi riba ba, masu tausiya kuwa sun iya fakewa da kalmar "naƙi". Niyyar riƙo ko juyi tana shafar zakka ma. Malamai da yawa na ɗaukar hannun mai juyi a matsayin hajar kasuwanci, a yi mata kuɗi a farashin ranar da shekara ta cika, a fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Na mai riƙo don rabon riba hukuncinsa dabam. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya mun san bambancin mudiri, mai juya haja kullum, da muhtakiri, mai ajiye ta yana jiran farashi ya tashi, sai a kai wa malami bayanin yadda ake cinikin dalla-dalla.

Abu na ƙarshe ya fi shafar al'ummarmu fiye da kowa. Buɗe "mahfaza", asusun hannun jari, yana buƙatar iƙama mai rai da asusun banki. Da yawa daga cikinmu, musamman mata masu aikatau da masu ƙananan sana'o'i, ba su da su, sai su tara kuɗi kamar adashi su damƙa wa wani mai takardu ya juya musu. A idon hukuma duk abin da ke cikin mahfazar nan nasa ne shi kaɗai. In ya yi asara, ba mai iya tantance ko kasuwa ce ta ci ko shi ne. In ya rasu, magadansa ne ke da ita. In aka rufe asusunsa kan wani bashi nasa, kuɗin mutane na ciki. Shi kansa kuma, juya dukiyar jama'a ba lasisi laifi ne a kansa, wadda ta ba shi kuɗin kuwa ba ta da takardar da za ta shiga ofis da ita ta yi ƙara.